Wa Ke Riƙe da Kuɗin Ranar da Rigima Ta Tashi? Kwatanta Hanyoyin Karɓar Kuɗi ga Mai Sayar da Aikinsa a Intanet

Kusan wata uku da kammala aikin, na wayi gari na tarar an zare kuɗin daga asusuna. Tambari ne da zanen talla na yi wa wani kwastoma da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ya biya da kati, na aika masa fayilolin, ya turo godiya har da alkawarin wani aikin. Kuɗin kuwa tuni sun shige cikin hidima. Saƙon kamfanin da ke karɓar min kuɗi bai wuce layi huɗu ba: mai katin ya shaida wa bankinsa cewa kaya ba su zo hannunsa ba, an mayar masa da kuɗinsa, an ɗora min tarar rigima, in ina da hujja in kawo kafin wa'adi ya cika. Na duba nan, na duba can. Fayilolin ta wata hanyar aike mai goge kanta bayan mako guda na tura su, rabin maganarmu kuma da baki muka yi a waya. Abin da ya rage min hoton saƙon godiyar nan ne kawai, babu sunan aikin a ciki, sunan da ke kai ma ba shi ne na jikin katin ba. Na tura shi haka nan, na sha kaye. Tambarin yana nan a shafinsa, nakan leƙa wani lokaci in ina son ɓata wa kaina rai.

Kafin wannan rana, in zan zaɓi hanyar karɓar kuɗi la'ada kawai nake kallo: wa ke cire kashi 3, wa ke cire 10, wa ke cire 20. Duk mai aikin kansa da na sani haka yake lissafi, mai fassara ne ko mai haɗa bidiyo, mai rubuta manhaja ko mai sayar da darussa. Wannan lissafin ranar zaman lafiya ne. Ranar rigima wasu tambayoyin ne ke aiki. A hannun wa kuɗin suke? Wa zai yanke hukunci? Kwana nawa ƙofar ƙorafi za ta yi a buɗe bayan an biya? Da su zan auna hanyoyin da ke gabanmu.

Mu masu kayan kwamfuta muna da wata larura ta daban. Mai sayar da takalma yana da lambar kamfanin aike da sa hannun wanda ya karɓa, in kuma aka fasa ciniki takalmansa za su dawo masa. Fayil ba ya dawowa. Wanda ya sauke shi ya mallake shi, ko an mayar masa da kuɗinsa ko ba a mayar ba. Ƙorafin masu saye kuma, duk yawan salonsa, bai wuce uku ba: "ba ni na biya ba", "ban samu ba", da "ba shi na ce a yi ba". Kowace hanya akwai wanda take tarewa, akwai wanda take bari ya wuce.

Kati da PayPal

Kati ya fi kowace hanya daɗin ciniki. Ka buɗe asusu da kamfani irin Stripe, ka aika wa kwastoma takardar biya, ya danna, kuɗi su faɗo. La'adar ba ta da nauyi, a Amurka kashi 2.9 cikin 100 ne da santi 30, kuma ba wanda ya tsaya tsakaninka da mai sayenka. Sai dai kariyar da ke jikin kati don mai saye aka gina ta tun asali. Wata dokar Amurka ta 1974 ce ta ba mai katin bashi ikon ƙalubalantar abin da aka caje shi, Visa da Mastercard suka shimfiɗa nasu ƙa'idojin, abin ya game duniya. Shi ne masu harkar ke kira cajbak.

Mai kati ba kai zai nema ba, bankinsa zai kira. Bankin zai janye kuɗin tun kafin a ji ta bakinka, a haɗa maka da tara. A Stripe na Amurka dala 15 ce. Za a ba ka tsakanin kwana 7 zuwa 21 ka kawo hujja, sannan ka zauna jiran wata biyu ko fiye. Mai yanke hukuncin kuma bankin mai katin ne, kamfanin da ke karɓar maka kuɗi ɗan aike ne kawai mai kai takardu. Alƙali da mai ƙara gida ɗaya suke kwana. Ƙofar galibi kwana 120 take yi a buɗe, wani lokaci ma daga ranar da aka yi alkawarin kawo aikin ake fara ƙirge.

Kowane ƙorafi da lambarsa. A wurin Visa, 10.4 ita ce ta "ba ni na biya ba", 13.1 ta "ban samu ba", 13.3 ta "ba haka aka kwatanta min ba". Amfanin sanin lambar shi ne ka amsa tambayar da aka yi maka. Da yawanmu in rai ya ɓaci shafi biyar muke cikawa da labarin yadda muka kwana kan aiki da yadda kwastoma ya ci amana. Ma'aikacin bankin da zai karanta yana da tarin irin wannan a gabansa, abin da yake nema kuma bai fi rabin shafi ba. In 13.1 ce, yana so ya ga imel ɗin da aka biya da shi, ya ga an aika mahaɗar fayil zuwa wannan imel ɗin dai, ya ga rana da sa'ar da aka sauke da adireshin IP, wato lambar da na'urar da ta sauke ke amfani da ita a intanet. In 13.3 ce, yana so ya ga alkawarin a rubuce kusa da abin da aka kawo, da saƙon da mai saye ya ce ya gamsu.

Garkuwa ta gaske a ɓangaren kati ita ce 3-D Secure, tsarin nan da banki ke tsayar da mai biya ya tabbatar da kansa ta lambar da aka turo masa ko ta manhajar bankinsa. In ciniki ya bi ta nan, daga baya aka ce katin na sata ne, a mafi yawan lokuta asarar kan banki take komawa. Wasu masu saye za su ƙosa su fasa a wannan matakin, ka rasa ciniki ɗaya ko biyu. Ni dai na gwammace hakan. Amma ƙorafin farko kaɗai take tarewa, sauran biyun suna nan daram. A watan Afrilun 2023 Visa ta ƙara wata ƙa'ida: in mai kati ya ce bai san cinikin ba, kai kuma ka nuna cinikayya biyu da ya yi da kai a baya, masu kwana 120 zuwa 365, waɗanda bai yi ƙorafi a kansu ba, kuma bayanai biyu suka dace da na wannan cinikin, ɗaya daga ciki na'ura ko adireshin IP, to nauyin ya bar kanka. Mai karɓar kuɗin wata-wata zai ci moriyar wannan. Mai tambari ɗaya tilo irina babu abin da zai tsinta a ciki.

Kuma ko ka ci shari'ar, an rubuta maka ita. In rigingimu suka doshi 1 cikin 100 na cinikinka, kamfanonin karɓar kuɗi sukan fara riƙe wani kaso a matsayin jingina, ko su sallame ka baki ɗaya.

PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ya ɗan bambanta domin yana da tasa kotun. Mai saye na da kwana 180 daga ranar biya ya buɗe ƙorafin cewa bai samu kaya ba, ku biyu kuna da kwana 20 ku sasanta, in ta faskara a miƙa wa kamfanin ya raba gardama. Wannan alƙalin aƙalla ya san ku duka biyun. Akwai kuma kariyar mai sayarwa, wadda a ƙasashe da dama ta haɗa da kayan da ba a taɓawa da hannu, matuƙar kana da shaidar isarwa. Tana kare ka daga "ba ni na biya ba" da "ban samu ba". Ba ta kare ka daga "ba shi na ce a yi ba", kuma kwastoman da ya goge ya san da wannan tsagar bangon. Sannan in da kati ya cika kuɗin, yana iya tsallake kotun PayPal ya tafi bankinsa kai tsaye. Ƙofa biyu ke nan kake gadi. Sabon mai sayarwa kan ga an riƙe masa kuɗi har kwana 21, asusun da aka taƙaita kuma kuɗinsa na iya kwana 180 a kulle. Ba kowace ƙasa ce ma ake iya karɓar kuɗi da shi ba, sai a duba kafin a ba kwastoma adireshi.

Wani zai ce maka a biya ta hanyar aika wa 'yan uwa da abokai, wai mai saye ba ya iya ƙorafi a can. Ba ya iya irin wancan ƙorafin, gaskiya ne, amma kai ma babu kariyar komai a kanka, ka saɓa ƙa'idar kamfanin, kuma in asusun sata aka biya ka da shi za a janye kuɗin duk da haka. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Eskuro

Dabarar eskuro tsohuwa ce. Ba a cinikin biri a sama, don haka mai saye ya fara ajiye kuɗin a hannun amintacce na uku, mai aiki ya gani da idonsa, sannan ya fara. A nan amsar tambayar farko ta sauya gaba ɗaya: ranar rigima kuɗin ba sa aljihun kowa cikinku.

Upwork, dandalin da ke haɗa masu aiki da kwastomomi, wanda ya samo asali daga haɗewar Elance da oDesk ya kuma ɗauki wannan suna a 2015, yana da tsari biyu, kuma mutane na yawan cakuɗa su. A aikin jimla, ana raba aikin zango-zango, kwastoma ya zuba kuɗin zango ɗaya a ajiya, ka yi, ka miƙa ta maɓallin miƙa aiki. Daga nan yana da kwana 14. In bai ce uffan ba, kuɗin su sauko maka da kansu, su ƙara kwana 5 na tantancewa kafin ka iya fitarwa. Shirun kwastoma, wanda a waje shi ne babban ciwon kai, a nan kai yake yi wa aiki.

Inda mutane ke faɗuwa wuri ɗaya ne, kuma na ga abokan sana'a sun faɗa shi ba sau ɗaya ba. An gama zangon farko lafiya, an biya, an saba. Sai kwastoma ya rubuto: "Ci gaba da na biyu, gobe zan zuba kuɗin." Kai kuma kunya ta hana ka cewa sai ka gani. Ka yi mako biyu kana aiki, gobe ba ta zo ba. Eskuro abin da ke cikinsa kaɗai yake karewa. Zangon da ba a zuba wa kuɗi ba daidai yake da aikin da aka yi a kan alkawarin baki. Haka wanda ya aika fayil ta akwatin hira bai danna maɓallin miƙawa ba, agogon kwana 14 ɗin nan bai fara juyawa ba, zai ta jira a banza.

A aikin awa kuwa babu ajiya. Kariyar tana ga manhajar ƙirga lokaci, wadda ke ɗaukar hoton allonka sau ɗaya cikin kowane minti goma. In ka yi aiki da ita a kunne, ka rubuta ɗan bayanin abin da kake yi, ba ka wuce adadin awannin da aka yanka maka a mako ba, kuma hanyar biyan kwastoman tantacciya ce, dandalin na biyanka ko da shi ya gudu. Awannin da ka shigar da hannu ba sa cikin wannan. Wasu ba sa jure a riƙa leƙa musu allo kamar ɗalibi a ɗakin jarrabawa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma cikin duk abin da na lissafa a rubutun nan, wannan ne ya fi kusa da lamuni na haƙiƙa.

Fiverr, wani dandalin irinsa da aka kafa a 2010, ya fi sauƙin tsari, ya fi tsada. Mai saye ya biya tun farko, ka kawo aiki, in bai yi magana cikin kwana 3 ba ciniki ya faɗa, kuɗin su yi kwana 14 kafin su zama naka, dandalin ya cire kashi 20. Neman gyara yana tsayar da wancan agogon na kwana uku, don haka wanda bai rubuta adadin gyaran da ya yarda da shi ba zai iya yin wata guda yana sauya launi. Upwork daga watan Mayun 2025 la'adarsa tana hawa da sauka tsakanin sifili da kashi 15, gwargwadon aikin.

La'adar ba ita ce mafi tsadar abin da ake biya a dandalin ba. Na farko, kwastoman da ka samu a can ba naka ba ne. A Upwork sai bayan shekara biyu kake da ikon fita da shi waje ba tare da an biya kuɗin fansa ba. Na biyu, rigimar takan tashi daga kan kuɗi ta koma kan taurari, wato makin da kwastoma ke ba ka bayan aiki. Kwastoma ba ya buƙatar ya ci ka a shari'a, ya isa ya nuna maka cewa zai ba ka tauraro ɗaya, kai da kanka za ka mayar masa da rabin kuɗin don kare sunan da ka yi shekara uku kana ginawa. Babu ƙa'idar da ta rubuta wannan, amma kowa a harkar ya san da shi. Na uku, in sulhun dandalin ya gaza aka tafi wurin mai raba gardama na waje, akwai kuɗin da kowane ɓangare zai ajiye, wanda kan fi ƙarfin ƙaramin aiki. Kuma kwastoman da ya cika eskuro da kati bai rasa hanyar bankinsa ba. Bambancin shi ne dandalin ne zai fara shiga gaba, da ma'aikatansa da bayanan da ya tara, ko da yake sharuɗɗan da muka danna "na yarda" a kansu ba tare da karantawa ba sukan ba shi damar waiwayo kuɗinka.

Ga babban ciniki na lokaci ɗaya, kamar sayar da sunan shafin intanet ko manhaja sukutum, akwai Escrow.com, wanda ke aiki tun 1999, kamfanin Freelancer ya saye shi a 2015. Ku ne za ku yanka kwanakin duba kaya, daga 1 zuwa 30. Babu taurari, babu mai riƙe maka kwastoma. Ƙaramin aiki dai kuɗin hidimar zai cinye ribarsa.

Dillalin da ke sayarwa da sunansa

Wanda ke sayar da abu ɗaya ga mutum ɗari, littafi ne ko samfurin zane, sautin kiɗa ko lasisin manhaja, eskuro ba nasa ba ne. Ba wanda zai buɗe ajiya don fayil ɗin da zai sauke cikin daƙiƙa goma. Nasa zaɓin tsakanin kati kai tsaye ne da kamfanoni irin Paddle, Lemon Squeezy da Gumroad. Waɗannan a idon doka su ne masu sayarwa: sunansu ne a rasit, su banki ya sani, su ke amsa cajbak. Paddle da Lemon Squeezy suna farawa daga kashi 5 da santi 50. Stripe ya sayi Lemon Squeezy a 2024. Gumroad na cire kashi 10 da santi 50, kuma daga Janairun 2025 ya ɗauki wannan matsayi na mai sayarwa da sunansa.

Babban abin da suke sauke maka haraji ne. Tun 2015 Tarayyar Turai ta ce harajin kayan intanet a ƙasar mai saye ake lissafa shi, wasu ƙasashen suka bi sahu, kuma mutum ɗaya da kwamfutarsa ba zai iya bin wannan ba. Ta fuskar rigima kuma, rumbunsu yana ajiye ainihin shaidar da na rasa a labarina: wa ya biya, da wane imel, yaushe ya sauke, sau nawa. Amma kada a ɗauka inshora ce. In aka sha kaye, daga kasonka ake cire kuɗin. Suna kuma da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa ba tare da neman izininka ba in suka hango cajbak na tafe, domin sunansu suke karewa a wurin banki. Paddle da Lemon Squeezy don manhaja da shiryayyun fayiloli aka yi su, ba sa karɓar aikin kwangila irin zana wa mutum tambari.

Mai sayar wa Turawa da kansa ya kula da wani ɗan akwati. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba mai saye daga nesa kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ba da dalili ba. A kayan saukewa wannan haƙƙi yana faɗuwa ne kawai in mai sayen ya amince ƙarara a ba shi kayan nan take, ya kuma tabbatar ya san ya bar haƙƙin fasawa. Babu akwatin da ya danna, babu hujja.

Taransfa da kirifto

A nan komai ya juye. Kuɗin da kwastoma ya turo da hannunsa daga bankinsa, kai tsaye ko ta kamfanin aika kuɗi na Wise da makamantansa, da wuya su koma sai da yardarka ko da binciken damfara. Babu kotun mai saye, babu kwana 120. Ga mai sayarwa babu hanyar da ta kai ta tsaro bayan kuɗi sun shigo. Matsalarta kafin su shigo take. Baƙon kwastoma ba zai so ya tura wa wanda bai sani ba kuɗin da ba za su dawo ba, kuma yana da gaskiya. In ka ce to ya biya bayan aiki, ka dawo gidan jiya: babu mai janye maka kuɗi, domin ba su zo ba balle a janye.

A rarrabe turowa da jawowa. In kai ne ka ja kuɗin daga asusun kwastoma da izininsa, dokar ta sauya. A tsarin SEPA na Turai mai asusu na da mako 8 ya ce a mayar masa ba tare da an tambaye shi dalili ba, da wata 13 in ya ce bai ba da izini ba. Haka in ka aika takardar neman biya ta kamfanin karɓar kuɗi na Payoneer kwastoma ya zaɓi kati, ka sake buɗe ƙofar cajbak ko da sunan hanyar ya sauya.

'Yan damfara ma sun fi son wannan fagen. Za a turo maka hoton rasit mai kyan gaske, ko imel mai kama da na banki, a ce kuɗi na hanya, a saki fayil don ana sauri. Ko a biya ka fiye da yadda aka yi ciniki, a ba ka haƙuri, a roƙe ka ka mayar da rarar ta wata hanya dabam. Rarar da ka mayar ta gaske ce daga aljihunka, kuɗin farkon kuma na sata ne, za a zo a kwashe su. Rasit ba kuɗi ba ne sai ka shiga asusunka da kanka ka gan su zaune.

Kirifto ya kai wannan siffa maƙura. Kuɗin kirifto irin USDT ko Bitcoin da aka aiko ba mai iya dawo da su, amma kuskure ma ba mai gyara shi. USDT na tafiya a kan layuka dabam-dabam, irin na Tron da na Ethereum, in aka saɓa layi kuɗi na iya salwanta. Matsayinsa a doka ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kamfanoni masu akanta kuma da yawa ba za su taɓa shi ba. In kwastoma ne ya nema kuma dokar inda kake ta yarda, a karɓa, a fara da ɗan gwaji.

Abin da babu hanyar da ke yi maka

In ka lura, ƙorafi na uku ya tsallake kowa. Kati ba ya tare shi, PayPal ya cire hannunsa, eskuro sulhu kawai zai yi muku. "Ba shi na ce a yi ba" rubutu kaɗai ke kashe shi, kuma ba sai na lauya ba. Imel guda ya isa, in ya faɗi abin da za a kawo da adadinsa da nau'in fayil, ranar kawowa, gyara sau nawa, nawa ne kafin alƙalami, da sharaɗin cewa haƙƙin mallakar aikin yana hannunka sai an gama biya. Kwastoma ya amsa da "na amince" daga imel ɗin da zai biya da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne sandan da ya rage maka in an janye kuɗi: dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ta ba mai haƙƙi damar aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafi takardar neman a sauke aikinsa, kuma manyan dandali suna da fom na musamman don haka. Ba za ta dawo maka da kuɗi ba, shi ma yana iya mayar da martani, amma mutum kan tuna da bashi in tallarsa ta ɓace daga intanet.

Kotu fa? Wasu wurare sun yi doka mai haƙora. Birnin Niyok na Amurka tun 2017 ya wajabta rubutacciyar yarjejeniya ga aikin da ya kai dala 800, a biya cikin kwana 30 in ba a sa rana ba, wanda ya ƙi kuma ana iya ninka masa. Sai dai in kana wata nahiya kwastoma na wata, kuɗin bin shari'ar zai fi bashin. Ba na sa kotu a lissafi.

To wanne za a ɗauka? In baƙo ne kuma aikin kwangila ne, eskuro, ko da la'adar ta yi ciwo. Kashi 20 na kuɗin da suka shigo bai kai zafin kashi 100 na waɗanda suka fita ba. In kwastoma ne da kuka yi aiki uku ko huɗu lafiya kuma ba dandali ne ya haɗa ku ba, taransfa zango-zango, rabi kafin a fara, samfuri mai hatimi a fuska ya gani, cikakken fayil bayan cikon kuɗi. In shiryayyen kaya kake sayar wa jama'a, dillali mai sayarwa da sunansa, har sai cinikin ya girma ya iya ɗaukar akanta, sannan a yi tunanin kati kai tsaye da 3-D Secure a kunne. PayPal ina ajiye shi ne don kwastoman da ya ce shi kaɗai ya sani, kuma ba na barin kuɗi su taru a ciki. Kati kai tsaye ga baƙo a kan babban aiki na lokaci ɗaya shi ne haɗin da ya fi kowanne haɗari, shi ne kuma wanda na yi.

Yanzu ranar miƙa aiki ba na aika komai ta akwatin hira. Fayil yana tafiya ta rumbun da ke rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya sauke, zuwa imel ɗin da ke jikin rasit. A ƙasan saƙon nakan roƙi kwastoma ya amsa min da layi ɗaya, cewa ya karɓi fayiloli kaza kuma sun yi daidai da yarjejeniya. Yawanci sukan amsa cikin awa guda, suna cikin murnar sabon kaya. Bayan mako biyu kam sai ka yi ta bi. Sai in haɗa yarjejeniyar da rasit da bayanan saukewa da wannan amsa a jaka ɗaya mai sunan aikin. A ƙa'idar Visa, ƙorafin "ban samu ba" na iya kaiwa kwana 540 daga ranar ciniki a wasu yanayi, don haka jakar ba ta barin kwamfutata sai ta shekara ɗaya da rabi.